Yadda Za Ka Bi Muhawarar Kuɗin Haraji da Zubar da Ciki a Amurka Ba Tare da An Ruɗe Ka Ba

Kusan kowace shekara, idan watan Satumba ya doshi ƙarewa kuma majalisar dokokin Amurka ta shiga ja-in-ja kan kasafin kuɗi, akwai wata tsohuwar gardama da takan sake ɗago kai: shin ya dace a ɗauki kuɗin da aka karɓa daga hannun masu biyan haraji a biya aikin zubar da ciki? Mai bin labarai daga nesa yakan ji wani ɗan majalisa ya dage cewa gwamnati tana zuba miliyoyin daloli a wannan harka, washegari kuma ya ji wani ya dage cewa ko sisi ba ta bayarwa, har ya rasa wanda zai gaskata. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, sau da yawa dukansu biyu suna da abin kamawa, domin asusun da wannan yake nufi dabam yake da wanda abokin hamayyarsa yake nufi. Na rubuta wannan jagora ne saboda na yi imani cewa duk wanda zai tsoma baki a maganar da ta shafi rai da lafiyar matalauta, wajibi ne ya fara sanin hanyar da kuɗin suke bi kafin ya ɗauki ɓangare.

Fara da raba tambayoyi biyu

Abu na farko da za ka koya wa kunnenka shi ne bambanta tambayar halacci da tambayar biyan kuɗi. A ranar 22 ga Janairun 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Roe da Wade cewa tsarin mulki ya kare damar mace ta zubar da ciki, a ranar 24 ga Yunin 2022 kuma ta warware wancan hukunci a shari'ar Dobbs, wadda ta taso daga wata dokar jihar Misisifi da ta haramta zubarwa bayan mako 15. Tun daga nan kowace jiha ke yanke wa kanta hukunci. Duk wannan magana ce ta halacci. Maganar wanda zai biya tana da nata tarihi, da nata dokoki, kuma ta daɗe tana tafiya a hanyarta tun Roe yana da rai.

Ka ɗauki jihohi biyu masu iyaka da juna, Kansas da Kolorado, domin ka ga bambancin ƙiri-ƙiri. A watan Agustan 2022 mutanen Kansas suka yi watsi da wani gyaran tsarin mulkin jiharsu da zai cire kariyar zubar da ciki, saboda haka aikin yana nan a kan halaccinsa a can. Amma idan mace matalauciya ta miƙa katin inshorar gwamnati a teburin karɓar baƙi na asibiti, za a ce mata katin bai ɗauki wannan aiki ba, sai fa in cikin na barazana ga rayuwarta ko ta hanyar fyaɗe ko muharrami aka same shi. A Kolorado kuwa, masu zaɓe ne da kansu suka saka haramcin kashe kuɗin jiha a kan zubar da ciki cikin tsarin mulkinsu a 1984, su ne kuma suka cire shi a zaɓen Nuwamban 2024. Wato jama'a ɗaya na iya cewa sun yarda a yi amma ba su yarda su biya ba, kuma ra'ayinsu a kan biyan yana iya sauyawa bayan shekara arba'in. Idan ka ji ɗan siyasa ya cakuɗa tambayoyin biyu a jimla ɗaya, ka tsaya ka raba su da kanka kafin ka ci gaba da sauraro.

Ka san sharaɗin Hyde ciki da bai

A nan gizo yake saƙa, kuma wanda bai fahimci wannan sharaɗi ba zai yi ta jin hayaniya ne kawai. A 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, aka kafa shirin Medicaid domin biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin magani. Gwamnatin tarayya da jihohi ne suke haɗa kuɗin, tarayya tana ba da aƙalla rabi, jiha tana cike sauran kuma ita ke gudanarwa. Bayan hukuncin 1973, shirin ya riƙa biyan zubar da ciki kamar yadda yake biyan sauran ayyukan asibiti, har adadin ya kai kimanin 300,000 a shekara. A 1976 wani sabon ɗan majalisar wakilai daga jihar Illinois, Henry Hyde na jam'iyyar Republican, ya gabatar da wani ɗan gajeren sharaɗi da aka liƙa a jikin dokar kasafin ma'aikatar lafiya, wanda ya hana amfani da kuɗin tarayya wajen wannan aiki. Abin lura shi ne 'yan jam'iyyar Democrat ne ke da rinjaye a majalisun biyu a lokacin, kuma Shugaba Jimmy Carter, wanda ya hau mulki a 1977, ya goyi bayan hana kuɗin. Saboda haka kada ka ɗauka cewa tun asali layin jam'iyya ne ya raba mutanen.

Abubuwa uku ne game da wannan sharaɗi suke warware mafi yawan ruɗanin. Shi dai ba doka ce ta dindindin ba, a jikin kasafin kowace shekara ake sabunta shi, shi ya sa rigimar ba ta taɓa mutuwa ba. Sannan keɓance-keɓancen da ke cikinsa sun sha sauyawa: an daɗe ba a biya sai idan rayuwar uwa na cikin haɗari, daga 1993 kuma aka ƙara cikin fyaɗe da na muharrami. Na ukun, wanda mutane suka fi mantawa, shi ne kuɗin tarayya kaɗai ya ɗaure. Jiha tana da 'yancin ɗaukar nata kuɗin haraji ta biya, kuma fiye da jihohi goma sha biyar suna yin hakan, ciki har da Kalifoniya da Niyok da Oregon. Wasu majalisunsu ne suka zaɓi haka, wasu kotunan jiharsu ne suka tilasta musu. Jihar Illinois, mahaifar shi kansa Hyde, ta shiga sahun ne a 2017, kuma gwamna ɗan Republican, Bruce Rauner, shi ya sa wa dokar hannu.

Don haka idan wani ya ce kuɗin haraji ba sa biyan zubar da ciki a Amurka, ka tambaye shi harajin wa yake nufi. In na tarayya ne, maganarsa ta kusa daidai, in aka ɗebe keɓance-keɓancen nan. In na mazaunin Kalifoniya ne, maganarsa ba ta tsaya ba.

An kai sharaɗin kotu tun da wuri. A 1980, a shari'ar Harris da McRae, alƙalan Kotun Ƙoli biyar suka rinjayi huɗu wajen tabbatar da shi. Alƙali Potter Stewart, wanda ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya kafa hujja da cewa an hana gwamnati ta tare wa mace hanya, amma ba a wajabta mata ta kawar da shingen da ba ita ta gina ba, kuma talauci yana cikin irin waɗannan shingaye. Alƙali Thurgood Marshall, cikin waɗanda suka saɓa, yana ganin cewa ga macen da ba ta da ko kwabo, hana kuɗin daidai yake da hana damar gaba ɗaya. Ina ba ka shawara ka riƙe waɗannan ra'ayoyi biyu a ka, domin kusan duk abin da za ka ji a talabijin yau, sake maimaita ɗayansu ne da sababbin kalmomi.

Gano asusun da ake magana a kai

Gwamnatin Amurka ba ta da aljihu ɗaya na lafiya, tana da da yawa, kuma kowanne da irin ƙullin da aka yi masa. Akwai hani irin na Hyde a kan inshorar sojoji da iyalansu, da ta ma'aikatan tarayya, da hukumar lafiya ta 'yan asalin ƙasar, da gidajen yarin tarayya. Birnin Washinton ma, da yake majalisar tarayya ke amince wa kasafinsa, an sha hana shi kashe ko da kuɗin da ya tara daga mazaunansa. Kuɗin agajin ƙasashen waje kuma sharaɗin Helms na 1973 ne ya ɗaure su, wanda Sanata Jesse Helms na jihar Karolina ta Arewa ya kawo. A kansa aka ɗora wata manufa da ake kira manufar birnin Meziko, wadda gwamnatin Ronald Reagan ta shelanta a 1984, mai hana ƙungiyoyin waje da ke karɓar tallafin Amurka su yi aikin zubar da ciki ko su tallata shi ko da da kuɗinsu ne. Wannan manufa ta zama tufka da warwara: Clinton ya soke ta a 1993, Bush ya maido da ita a 2001, Obama ya soke a 2009, Trump ya maido kuma ya faɗaɗa a 2017, Biden ya soke a 2021, Trump ya sake maidowa a Janairun 2025. Da alƙalamin shugaban ƙasa kaɗai ake yin wannan, shi ya sa take sauyawa cikin kwanakin farko duk lokacin da mulki ya koma hannun ɗaya jam'iyyar.

Akwai kuma shirin tazarar haihuwa na tarayya da aka kafa a 1970 zamanin Richard Nixon, wanda ake kira da sashe na goma na dokar lafiyar jama'a. Tun ranar da aka kafa shi dokar ta hana a kashe kuɗinsa kan zubar da ciki. Rigimar da ke kansa ita ce ko asibitin da ke karɓar kuɗin yana da damar tura mace inda za a yi mata. A 2019 aka kafa ƙa'idar da ta hana turawar, ƙungiyar Planned Parenthood, mai asibitocin lafiyar mata da tazarar haihuwa a faɗin ƙasar, ta fice daga shirin, a 2021 kuma aka janye ƙa'idar.

Wurin da na fi so ka duba da kyau shi ne dokar inshorar lafiya ta Obama, wadda aka sa wa hannu a ranar 23 ga Maris na 2010. Dokar tana ba masu matsakaicin hali tallafi su sayi inshora daga kamfanoni masu zaman kansu, sai tambaya ta taso: in inshorar ta ƙunshi zubar da ciki, ashe tallafin bai shiga ciki ba? Wannan tambaya ta kusa kashe dokar baki ɗaya, kuma daga cikin jam'iyyar shugaban ƙasa matsin ya fito, ta hannun Bart Stupak na Michigan a majalisar wakilai da Ben Nelson na Nebraska a majalisar dattawa. Sulhun da aka cimma shi ne, kamfanin da inshorarsa ta ƙunshi wannan aiki zai karɓi wani kuɗi na dabam daga mai saye, wanda bai gaza dala 1 a wata ba, ya ajiye shi a asusu na dabam, daga nan kaɗai za a biya. Ka hango magidanci zaune da takardar biyan inshorarsa ta wata: a bisa doka, cikin abin da yake biya akwai wannan dala guda da ba ta haɗu da kuɗin gwamnati ba. Mai goyon bayan sulhun zai nuna maka ita ya ce ga katangar nan. Mai adawa zai ce katangar takarda ce, tunda ba don tallafin ba da magidancin bai sayi inshorar ba tun farko, kuma zai ƙara da cewa ofishin binciken kuɗi na majalisa ya gano a 2014 cewa kamfanoni da dama ba sa ma nuna kuɗin dabam a takardar. Dokar ta kuma bai wa jihohi damar hana wannan ɗaukar nauyi a kasuwarsu, kimanin rabinsu sun yi hakan.

Auna hujjar "kuɗi ba su da alama"

Daga waccan dala guda aka haifi hujjar da ta fi kowace yawo a yau. Planned Parenthood ta daɗe tana karɓar ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara daga gwamnati, mafi yawansu biyan aikin da ta yi wa masu katin Medicaid ne, kamar magungunan tazarar haihuwa, gwajin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, da gwajin sankarar mahaifa. Ita ce kuma ta fi kowa yin aikin zubar da ciki a ƙasar, fiye da 300,000 a shekara. Masu adawa da ita suna cewa kuɗi ba su da alama, dalar da ta biya hayar gini da albashin ma'aikaciyar jinya ta sauƙaƙa wa ɗakin da ake zubarwar. Magoya bayanta suna cewa biyan gwajin da aka riga aka yi ba kyauta ba ce, ladan aiki ne, kamar yadda ake biyan kowane asibiti.

Hanyar auna wannan hujja ita ce ka ɗora ta a kan wani wuri ka ga ko mai ita zai yarda. Asibitocin cocin Katolika suna karɓar kuɗin Medicaid da na Medicare (inshorar gwamnati ta tsofaffi) masu yawa, amma ba a ce gwamnati tana ɗaukar nauyin addini ba. Inshorar da kamfanoni ke yi wa ma'aikatansu tana samun sauƙin haraji, kuma da yawa daga cikinta sun ƙunshi zubar da ciki. In mutum ya yarda a bi hujjar har ƙarshenta a duk waɗannan wurare, to yana da tsayuwa a kan ƙa'ida, ko da ba ka yarda da shi ba. In kuwa a wuri ɗaya kaɗai yake amfani da ita, ka san cewa ƙungiyar ce yake hari. Haka nan ka auna ɗaya ɓangaren: wanda ya ce babu wata alaƙa ko kaɗan tsakanin kuɗin gwamnati da ɗorewar asibitin, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba, domin da babu alaƙa da ba a yi ta kai ruwa rana kan yanke kuɗin ba.

Kalmar "ɗaukar nauyi" ma takan miƙe ta kuma tsuke gwargwadon bukatar mai magana. Bayan hukuncin Dobbs, ma'aikatar tsaron Amurka ta fara biyan kuɗin tafiya ga sojojin da za su je wata jiha neman wannan aiki, ba tare da biyan aikin kansa ba. Sanata Tommy Tuberville na Alabama ya ɗauki hakan a matsayin keta haramcin, ya riƙe ƙarin girman ɗaruruwan manyan hafsoshi kusan wata goma a 2023. Ko kuɗin mota da masauki suna cikin abin da aka hana? A kan wannan 'yar tambaya aka tsayar da al'amuran rundunar soja.

Yi hattara da alƙaluma

Kowane ɓangare yana da lambar da yake ƙauna. Planned Parenthood ta daɗe tana cewa zubar da ciki kashi 3 cikin 100 ne kacal na ayyukanta, amma lissafin yana ƙirga kowane gwaji da kowane magani a matsayin aiki guda, daidai da tiyata, saboda haka lambar ba ta nuna rabon kuɗi ko rabon marasa lafiya ba. A ɗaya gefen za ka ji an ambaci jimillar kuɗin da ƙungiyar ta karɓa daga gwamnati a jimla ɗaya da adadin cikin da aka zubar, domin mai sauraro ya haɗa su da kansa, alhali doka ta raba su. Ko adadin zubarwar a ƙasa baki ɗaya, manyan tushe biyu da suka daɗe suna bayarwa ba sa daidaita: hukumar yaƙi da cututtuka ta tarayya tana dogara da rahoton da jihohi suka ga damar aikawa, Kalifoniya kuwa ba ta aikawa, ita kuma cibiyar Guttmacher, mai goyon bayan damar zubarwa, asibitocin take tambaya kai tsaye, shi ya sa lambarta ta fi yawa.

Akwai lamba ɗaya da ɓangarorin biyu suka amince da ita, kuma ita ce ta fi taɓa mini zuciya. Wani nazari da cibiyar Guttmacher ta fitar a 2009 ya nuna cewa kimanin ɗaya cikin huɗu na matan da Medicaid zai biya musu, sukan haife cikin idan ba a biya ba. Masu adawa da sharaɗin Hyde suna karanta wannan a matsayin mata da talauci ya tilasta wa abin da ba su zaɓa ba. Masu goyon bayansa suna karanta shi a matsayin yara da suke raye yau, har cibiyar Charlotte Lozier ta ƙiyasta a 2016 cewa sun haura miliyan biyu. Lambar ɗaya ce, abin da ya raba su shi ne matsayin ɗan tayi, kuma babu wani lissafi da zai yanke wannan. Idan muhawara ta iso nan, ka gane cewa an bar fagen alƙaluma an shiga na aƙida, kada ka bari wani ya nuna maka cewa kimiyya ta riga ta gama magana.

Ƙuri'un jin ra'ayi kuwa, kada ka karɓi sakamakonsu sai ka ga yadda aka tsara tambayar. In aka tambayi mutum ko ya yarda a kashe kuɗin harajinsa kan zubar da ciki, amsar takan karkata ga a'a. In aka tambaye shi ko ya dace inshorar mace matalauciya ta ƙunshi abin da ta mai kuɗi ta ƙunsa, sai ta karkata ga e. Ka kuma duba wanda ya biya kuɗin binciken.

Saurari hujjar lamiri da adalci

Ban ga dalilin raina mutumin da ya ce shi ya yi imani ɗan tayi rai ne, kuma ba ya son a tilasta masa ya sa hannu da kuɗinsa a ɗauke shi ba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma dokar Amurka ta san da ita, tunda tun 1973 sharuɗɗan da Sanata Frank Church ya kawo suka kare likita da ma'aikacin jinya da suka ƙi shiga aikin saboda imaninsu. Amsar da ake ba shi ita ce, haraji ba a zaɓar masa wurin zuwa, mai ƙin yaƙi ma yana biyan kuɗin makamai. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1982 a shari'ar wani mabiyin ɗarikar Kiristoci ta Amish mai suna Lee, wanda ya ƙi biyan harajin fansho saboda addininsa, ta ce tsarin haraji ba zai yi aiki ba in kowa zai janye daga abin da ya saɓa wa imaninsa. Sai dai ka lura da iyakar wannan amsa: ta hana mutum ɗaya ya ƙi biya, ba ta hana jama'a su haɗu ta hannun wakilansu su ce ba za a kashe ba. Shi kansa Hyde ya fito fili a muhawarar 1977 ya ce da zai iya da ya hana kowace mace, mai kuɗi da matalauciya, amma kasafin Medicaid kaɗai ne abin da hannunsa ya kai. Masu sukarsa sun riƙe wannan furuci har yau a matsayin shaida cewa nauyin ya faɗa kan matalauta kaɗai.

Ga tambayar da nake ganin ya kamata ka yi wa duk wanda ka saurara, ko daga wane ɓangare yake. Medicaid ne ke biyan kuɗin kusan haihuwa huɗu cikin goma a Amurka, ƙasar da ta fi sauran ƙasashe masu arziki yawan mutuwar mata wajen haihuwa, inda baƙar mace ta fi farar mace shiga wannan haɗari kusan ninki uku. Wanda ya ce kada a biya zubarwa, me ya ce game da awon ciki, da kuɗin haihuwa, da kula da mai jego? Har zuwa 2021 inshorar mai jego takan yanke bayan kwana 60, sai wata doka ta ba jihohi damar tsawaita ta zuwa wata 12, kuma kusan dukansu, na kowace jam'iyya, sun karɓa. Wanda kuma ya ce a biya, ya yarda a jinginar da kasafin lafiyar miliyoyin mutane har sai an cire sharaɗin? Jihar Teksas ta cire Planned Parenthood daga shirinta na lafiyar mata a 2013, wani bincike da aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a 2016 kuma ya gano raguwar amfani da hanyoyin tazarar haihuwa masu daɗewa, da ƙarin haihuwar da Medicaid ya biya a tsakanin matan da ke karɓar allura. Duk wanda ya ce wasu asibitoci za su cike gurbin, ka nemi ya nuna maka su a taswira.

Leƙa wasu ƙasashe, amma kada ka daɗe

Kwatance yana da amfani domin ya nuna maka cewa tsarin Amurka ba shi kaɗai ne mai yiwuwa ba. A Ingila hukumar lafiya ta ƙasa ce ke biyan kusan dukan aikin a ƙarƙashin dokar 1967. Faransa ta halatta shi a 1975, ta fara mayar da wani kaso na kuɗin daga dokar 1982, tana biya duka tun 2013. A Suwizalan an kai maganar ƙuri'ar raba-gardama a Fabrairun 2014, kusan kashi 70 cikin 100 suka ƙi a cire aikin daga inshorar dole. Jamus ce ta bi tsaka-tsaki: ba a hukunta mace a cikin mako 12 na farko in ta je an ba ta shawara ta kuma jira kwana uku, inshorar dole ba ta biya, amma jihohi suna ɗauke wa marar hali. Abin da ya sa rigimar ta fi zafi a Amurka shi ne, da yake babu inshora ɗaya ta kowa, sai kowane asusu ya zama fagen daga na kansa.

Inda za ka sa ido

Shekarar kuɗi ta tarayya tana farawa ne a ranar 1 ga Oktoba, saboda haka ka nemi daftarin kasafin ma'aikatun ƙwadago da lafiya da ilimi, ka duba ko sharaɗin Hyde yana ciki. Jam'iyyar Democrat ta saka soke shi a cikin manufofinta a 2016, Joe Biden ya janye goyon bayan da ya daɗe yana ba shi a Yunin 2019, kasafin da ya gabatar a 2021 bai ƙunshe shi ba, amma duk da haka ya dawo cikin dokar ƙarshe, domin kasafi yana bukatar ƙuri'a 60 a majalisar dattawa mai kujeru 100. Wannan shinge ne kuma ya tare ƙudirin Chris Smith na New Jersey, mai neman mayar da haramcin na dindindin, wanda ya sha wucewa a majalisar wakilai yana maƙalewa a ta dattawa, kamar yadda ƙudirin Barbara Lee na 2015 mai neman soke shi bai kai ko'ina ba. Don haka idan ka ga kanun labari cewa majalisar wakilai ta zartar da wani abu, ka ƙirga kujerun dattawa kafin ka ɗauka an gama.

Sauyin gaske a 'yan shekarun nan ta wasu ƙofofi yake shigowa. A Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Medina daga jihar Karolina ta Kudu, cewa mai katin Medicaid ba shi da damar kai jiha ƙara a kotun tarayya don ta cire asibitin da ya zaɓa daga shirin. A ranar 4 ga Yulin 2025 aka sa hannu a babbar dokar haraji da kashe kuɗi, wadda aka bi da ita ta hanyar da ba ta bukatar ƙuri'a 60, kuma a cikinta akwai sashen da ya dakatar da biyan Medicaid na shekara guda ga manyan ƙungiyoyin da ke aikin zubar da ciki, abin da ya jawo ƙararraki nan take. Duk labarin da ya zo maka daga yanzu, ka rubuta abu huɗu a gefen takarda kafin ka yaɗa shi: kuɗin tarayya ne ko na jiha, daga wane asusu, aikin zubarwar aka hana biya ko asibitin gaba ɗaya, kuma majalisa ce ta yi, ko kotu, ko alƙalamin shugaban ƙasa wanda magajinsa zai iya gogewa a makonsa na farko.